Girki da abin da lokaci ya kawo: yadda nake bin kasuwar Garwa daga damina zuwa bazara

Cikin watan Agusta ne, ruwa ya zauna sosai, ɗiyar wana da muka kai ɗakin miji wata huɗu da suka wuce ta kirani a waya muryarta duk ta canza, wai Goggo kuɗin cefanen nan baya isata, tumatir huɗu ƴan ƙanana an tsuga mata kuɗi, albasa kuma sai ka ce gwal, ita kam ta rasa yadda zata yi kuma kunya take ji ta sake tambayar maigidan. Nace toh ke me kike ɗorawa kullum? Tace shinkafa da miyar tumatir, wataran taliya, wataran makaroni. Nace mata gobe da sassafe ki ɗau kwandonki ki sameni bakin babbar kasuwa, kar ki sayi ko gishiri kafin na iso.

Da muka shiga ban bari ta buɗe jaka ba sai da muka zaga sau ɗaya. Ga mata zaune a layi sun zube yakuwa tuli tuli raɓa bata ma bushe a jikinta ba, ga tafasa cike da roba, ga lalo, ga kuɓewa ɗanya shar ƴan yatsu, ga sabuwar masara ana gasawa, ga nono a ƙwarya da man shanu dunƙule a kai. Wata huɗu yarinyar nan tana wuce su tana nufar teburin mai tumatir. Ba laifinta bane, ba wanda ya zauna ya nuna mata, shi yasa nake son na rubuta abin da na faɗa mata ranan da wanda na ƙara mata daga baya, ko wata amaryar zata amfana, harda ƴan uwa maza masu girka wa kansu.

Abu na farko kenan, ki zaga kasuwa kafin ki taya komi. Abin da kika ga an zube shi a ƙasa kan buhu, mata goma ko ashirin duk shi suke sayarwa, an shigo da shi a daro bisa kai ko a bayan moto daga ƙauye, toh lokacinsa ne, shi ne mai araha kuma shi ne mai daɗi, har gyara za a miki baki roƙa ba. Wanda kuma aka jera a tebur kashi kashi uku uku ana yayyafa masa ruwa, ko dai daga nesa ya zo ko lokacinsa ya wuce, kuɗin mota kike biya ba kuɗin abinci ba. Ki je da wuri, da sanyin safiya ake kama fara, ganyen da rana ta duka har azahar ya riga ya yi laushi. In kina da hali ranar Lahadi ki leƙa kasuwar Pitowa, ba nisa daga gari, can zaki sayi abu hannun wanda ya noma.

Kuma tunda cinikin kasuwanninmu yawanci da Fillanci ake yi, ki riƙe sunayen nan dan kar ki tsaya nuni da yatsa: yakuwa ita ce folere, tafasa tasba, kuka bokko, kuɓewa baskoje, zogale giliganja, karkashi gubudo, gasaya worba. Mai ganye in ta ji kin kira abu da sunansa ta san ba baƙuwa bace.

Bari na fara da yakuwa dan ita ce uwar miyar damina a nan arewacin Kamaru, ba gidan da zaki shiga daga Gaundare har Kusuri baki ji ƙamshinta ba. Na gida mai mutum shida ina sayen ɗauri huɗu, na tsinke ganyen na bar kara da jijiya mai tauri, na wanke sau uku cikin ruwa mai yawa ina tsamo ganyen sama ba wai na tsiyaye ruwan ba, dan yashi ƙasa yake kwanciya, in kika tsiyaye sai ya koma kan ganyen. Sai na yanka ba ƙanana can ba. Kafin nan na riga na ɗora nama ko ƙashi da albasa guda, attaruhu biyu, daddawa da gishiri, in da tumatir ko biyu ne na jefa, in babu wallahi ba abin da ya ragu dan yakuwa da tsaminta take zuwa, wannan shi ne sirrin da yasa miyar damina bata neman tumatir. In naman ya yi laushi sai na dama niƙaƙƙiyar gyaɗa kaman cokalin miya uku zuwa huɗu da ruwan ɗumi ta saki, na juye, na rage wuta, na barta kusan minti ashirin ina motsawa jefi jefi dan gyaɗa akwai kamun gindin tukunya. Zaki ga mai ya taso ya yi ido ido a sama, toh ta nuna kenan, sai a lokacin yakuwa zata shiga.

Ki kula da wannan jerin sosai, tsami baya barin abu ya yi laushi, in kika riga zuba yakuwa kafin nama ko wake su nuna zaki ƙone gawayinki a banza waken yana nan da tauri. Yakuwar kuma minti goma ya isheta. In tsohuwa ce mai tsami da yawa ki fara tafasa ta daban minti biyar ki zubar da ruwan farko, ko ki jiƙa kanwa ƴar ƙarama kaman ƙwayar wake ki tsiyayi ruwan sama ki ɗiga kaɗan kaɗan, zaki ga ta yi kumfa ta kwanta, ki ɗanɗana kafin ki ƙara. Ni dai nafi son zubar da ruwan farko, kanwa in ta yi yawa miya baƙi take yi ta riƙa ɗanɗanon sabulu kuma ta ɓata cikin yara. In da kifi banda zaki yi maimakon nama, ki jiƙa shi a ruwan zafi da gishiri ki cire ƙaya, ki sa shi tare da gyaɗa ba tun farko ba dan kar ya dagargaje.

Zancen kifi, ki sani duk shekara ana rufe kamun kifi a tafkin Lagdo daga Yuli zuwa ƙarshen Satumba dan kifi ya samu ya hayayyafa, shi yasa ɗanyen karfasa da giwan ruwa suke wuya su yi tsada daidai lokacin da ganye ya cika kasuwa. Tun da aka gama dam ɗin nan a 1982 kifin Lagdo ke riƙe da tukwanen Garwa, kuma in ba a bar shi ya huta ba jikokinmu bazasu samu ba, dan haka ni bana neman ɗanye a watannin nan. Tun watan Yuni nake sayen bandar tarwaɗa mai kyau na ajiye. Wajen saye ki ƙwanƙwasa ki ji ta bushe ƙam, ki buɗe cikin ki duba ba farin gari ko ƙwari, ki shinshina, in kika ji warin magani maimakon hayaƙi ki ajiye musu abinsu.

Sai tafasa. Wasu ƴan birni raina ta suke wai abincin yunwa ce tunda ba shuka ta ake ba, ita ke fitowa da kanta bayan gida da bakin gona, ni kuwa duk damina in ban ci miyar tasba da wake ba ji nake kaman damina bata yi ba. Ƙananan ganyen sama ake tsinka kafin ta yi furen nan rawaya, in ta tsufa ɗaci take da wari. In da kanki zaki tsinko ki gane ta da kyau: ganyenta shida ne a reshe, biyu biyu suna kallon juna, bakinsu a zagaye. Akwai mai kama da ita, rai ɗore, shi ganyensa mai tsini ne ya fi yawa a reshe kuma warinsa da ƙarfi, ba shi ake miya da shi ba. Kuma dan Allah kar a tsinko a gefen gonar auduga, kin san yadda ake mata feshi, haka bakin kwalta da bakin kwata.

Yadda nake yinta, na jiƙa wake gwangwani ɗaya na murje bawon na wanke, na dafa shi har ya fara fashewa. Tafasar kuma na zuba ta a tafasasshen ruwa ta yi kaman minti goma, na tsame na sa a ruwan sanyi na matse da hannu sosai, nan warin yake tafiya. Sai na soya albasa da man gyaɗa kaɗan, na juye waken da ruwansa, daddawa, barkono, gyaɗa cokali biyu, in sun haɗe jikinsu na watsa ganyen na barshi a ƙaramar wuta. Miyar nan ko ba nama ba wanda zai tambaya, wake da gyaɗa sun tsaya a madadinsa, kuma da tuwon jar dawa tafi tafiya. Ragowar ganyen da kika matse kuma ki yi kwaɗo da garin ƙuliƙuli, albasa, yaji da ɗan mai, yara su ci da rana kafin tuwon dare.

Lalo da karkashi da ɗanyar kuɓewa su ƴan yauƙi ne, dokarsu ɗaya. Ruwan nama ya tafasa, ɗigon ruwan kanwa, ki zuba ki kaɗa da maburgi, kar ki rufe tukunya, kar ki kusanto da tsami dan shi ke kashe yauƙi, mai kuma sai an sauke, man shanu soyayye da albasa a zuba kan tuwo. Da damina shanu sun ƙoshi da ɗanyar ciyawa, nono da man shanu sun fi araha sun fi kyau, ki saya wajen matan Fulani ki soya shi da albasa har ruwan ya ƙone ki zuba a busasshiyar kwalba, zai kai ki watanni. Kuɓewa kuma ki karya tsininta, in ya ɓalle ɗas matashiya ce, in ya lanƙwashe ta tsufa.

Toh yanzu ga inda aikin yake, wanda shi ne ya raba mai cefanen kullum da macen da ta san gida. Duk abin nan da kika ga ana rabawa kaman kyauta a Agusta da Satumba, ranar da zaki neme shi da kuɗinki ki rasa tana nan zuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Duk sanda kika sayi ganyen miyar yau ki ƙara ɗauri biyu na shanya. Ganye a inuwa ake shanya shi inda iska ke wucewa, ƙarƙashin rumfa ko cikin zaure, kan tabarma ko tsohon zani mai tsabta, a baza shi ba tuli ba a riƙa juyawa safe da yamma. In kika sa shi a tsakar rana kan kwano zai bushe da wuri amma ya koma ruwan ƙasa, ƙamshin ya gudu, miyar ta fito baƙa. Kukar da kika gani kore shar a kasuwa ta inuwa ce. Kuɓewa kam ita rana take so, ki yanka ta zobe zobe siriri ki baza, kwana uku zuwa huɗu in rana na fitowa, kuma kar ki daka duka, ki barta a yanke ki riƙa dakan na sati ɗaya ɗaya, yauƙinta ya fi zama.

Shekarar farko da na yi aure na shanya tafasa da lalo kusan rabin buhu a ƙarshen Agusta, sai hadari ya yi kwana uku bai ɗaga ba, na taɓa na ji kaman sun bushe na tura a leda na ɗaure na sa bayan gado. Ranar da na buɗe cikin Disamba wani wari ne ya bugeni, duk ya yi fari da hunhuna ya dunƙule, sai bola. Na yi kuka ranan dan ni kaɗai na san tsinkar da na sha. Uwar mijina, Allah ya jiƙanta, bata ce min komi ba sai da damina ta zagayo, ta kirani ta ɗebi busasshiyar kukarta a tafin hannu ta kawo dab da kunnena ta murƙushe, na ji ƙaras ƙaras, tace "Kin ji ko? In ganye bai yi magana ba bai bushe ba, ki barshi." Har yau da kunne nake gwada shanyata. Kuma tun ranan na bar leda, sai kwalba ko bidon, wato jarka, da aka wanke ya bushe sarai ko tukunyar ƙasa mai murfi, a ɗaga daga ƙasa.

Tafasa da lalo dole cikin damina zaki shanya su dan basa jira, sai ki duba kwanakin da rana ta buɗe. Amma kuka da yakuwa da kuɓewa da zogale ki bari sai ruwa ya fara ɗaukewa. A nan Garwa cikin Oktoba kenan, ƴan uwanmu na Marwa da Injamena su nasu ruwan ya fi saurin tafiya, tun ƙarshen Satumba sun fara, mutanen Gaundare kuma nasu ya fi daɗewa sai su ƙara haƙuri.

Kaka in ta shigo wannan lokacin sayen hatsi ne ga mai ɗan abin hannu. Wake, gyaɗa, masara, jar dawar nan da ake cewa njigari, kabewa, ga sabuwar doya tana saukowa daga Mbe kan hanyar Gaundare. Gyaɗar Gidar da kewaye tana shigowa buhu buhu, ki saya amma ki zauna ki tsince, duk ƙwayar da ta yamutse ko ta yi baƙi ko kore ki zubar kar ki ce asara, hunhunar gyaɗa da ta masara tana ɗauke da guba mai lalata hanta kuma dahuwa bata kashe ta. Kabewa ki zaɓi mai kararta a jiki wadda bata da tabo, ki ajiye a inuwa zata yi wata biyu uku lafiya lau, ita da ragowar yakuwa da gyaɗa ga miyar taushe nan.

Wake shi ne mai ba mata ciwon kai saboda ƙwari. Ina roƙonku da girman Allah kar a zuba masa maganin feshin gona, abin da ake yi wa auduga ba na cikin ɗan Adam bane. Ki shanya shi a rana mai zafi kwana biyu, ki cika bidon da shi har wuya ki toshe murfin da leda ki ɗaure yadda iska bazata shiga ba, ƙwarin da ke ciki numfashi zai ƙare musu su mutu. In da yawa ne akwai buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, kuma abin alfahari asalin dabarar a ƙasarmu aka fara gwada ta, masu binciken noma na Marwa tare da jami'ar Purdue ta Amurka. Iyayenmu kuma da tankaɗaɗɗiyar toka suke cakuɗa shi a tulu, ita ma tana yi. Sharaɗin dai kar a riƙa buɗewa kullum, ki ware na ci daban.

Wajen Nuwamba zuwa Disamba yakuwar da aka bari a gona ta yi soɓorodo, jan ki shanya na zoɓon azumi da na zafi, farin kuma yana shiga miya ya ba da tsami. Ƴaƴan cikin ma ba a zubarwa, gurguzu kenan da ake daddawar batso da shi, wadda mutanen wajen Marwa ke cewa mbuja. Warinta da ƙarfi, amarya zata iya toshe hanci, amma ki gwada ƴar kaɗan a miyar kuka ki ji yadda zata cika miki baki ba tare da kin jefa dunƙulen Maggi huɗu ba. Ni ban hana Maggi ba, ina sa ɗaya, amma in daddawa da bandar kifi da gabu, wato busasshen lawashin albasa, suna tukunya ɗayan ma ya isa.

In sanyi ya sauka hazo ya rufe gari, daga Disamba zuwa Fabrairu, toh yanzu ne lokacin tumatirin da ɗiyata take kuka a kai. Lambuna na bakin Binuwai da na fadamu sun nuna, tumatir kwando kwando, tattasai, karas, kabeji, salak, ga albasar Marwa da ake lodinta a manyan motoci zuwa Yawunde da Duwala. Nan ki ci miyar dage dage son ranki, ki yi dafa duka, ki yanka wa yara salak da tumatir da ƙuli. Sannan ki yi kauɗa. Ki zaɓi tumatir nunanne mai tauri ba wanda ya fara ruwa ba, ki raba biyu ko uku, ki barbaɗa gishiri kaɗan, ki jera cikin yana kallon sama a kan gadon kara ko tebur dan kar ƙura da awaki su samu, ki rufa tsohon gidan sauro mai tsabta, da yamma ki shigar ɗaki. Iskar hunturu busasshiya ce, kwana biyar zuwa sati ya bushe. Ranar amfani ki jiƙa a ruwan ɗumi rabin awa, ki wanke, ki markaɗa da albasa da tattasai, ki soya da kyau, da damina ita zata fidda ki kunya ranar da baƙi suka zo kina son jar miya. Tattasai da barkono ma haka.

Albasa kuwa ki jira sai ta cika kasuwa wajen Fabrairu zuwa Maris, ki zaɓi wadda wuyanta ya bushe ya tsuke, ki baza a inuwa kan yashi ko gadon kara kar ɗaya ta hau ɗaya, kina dubawa duk sati kina cire mai laushi. Kar ki barta a buhu a ɗaki mai zafi. Lawashin da masu lambu ke yankewa suna neman mai ɗauka, ki karɓo ki daka shi sama sama ki dunƙula ki shanya, gabu kenan, in ya bushe ki ɗan soya shi a mai ki daka, miyar kuka ko kuɓewa da ta samu gabu tun daga ƙofar gida ake sanin an yi girki.

Cikin sanyin nan ne kuma masakwa take nuna, wadda Fulani ke cewa muskuwari. Ni abin nan har yau mamaki yake bani, dawa ce da ake dasa ta bayan ruwa ya ɗauke, wajen Oktoba, a baƙar ƙasar nan mai tsagewa da ake kira karal, ko ɗigon ruwan sama bata gani, da laimar da ƙasa ta riƙe take rayuwa har a girbe ta wajen Fabrairu. Wanda ya bi hanyar Marwa a watan Janairu ya ga filayenta kore alhali ko ina ya bushe. Akwai safrari mai ruwan ɗorawa, akwai majeri fara, in kin samu safrari sabuwa ki saya ko tasa biyar ne. A surfa, a bushe dusa, a wanke a shanya ta sha iska, a kai inji, ki tankaɗe. Ruwa ya tafasa ki dama gari kaɗan da ruwan sanyi ki yi talge, ki rufe ya dahu sosai kaman minti goma sha biyar har ya riƙa bul bul yana ƙamshi, yawancin tuwon da ke tsinkewa ko ya yi ɗanye talgen ne ba a bari ya nuna ba. Sannan ki riƙa zuba gari da hannu ɗaya kina tuƙawa da muciya, kar ki juye gaba ɗaya sai gudaji, in ya yi kauri ki yayyafa ruwa ki rufe ya sulala a ƙaramar wuta, ki sake tuƙawa, ki kwashe da mara. Tuwon masakwa yana kwana lafiya, ɗumamensa da safe da man shanu ya fi burodi riƙe cikin ɗan makaranta.

Daga Maris zuwa Mayu kuma sai a hankali. Zafin Garwa ba sai an faɗa ba, ya wuce digiri 40, lambu ya ƙone, ganye ya ɓace a kasuwa, ɗan wanda ya rage tsada. Nan ne zaki buɗe kwalabenki ɗaya bayan ɗaya, yau kuka, gobe busasshiyar kuɓewa, jibi tafasa da wake, gata yakuwa da gyaɗa, sati ya zagayo baki maimaita miya ba kuma abin da zaki saya bai wuce nama ko ɗan mai ba. Busasshen ganye ki jiƙa shi a ruwan ɗumi minti goma ki tsame sama kaman yadda na faɗa saboda yashi, banda kuka da kuɓewa su garinsu ake kaɗawa kai tsaye. Ki rage yawan girki dan miya mai gyaɗa bata kwana a zafin nan, firij kuma ba abin dogaro bane ranar da aka ɗauke wuta, in ta rage ki tafasa ta da dare kar ki sake sa cokali.

Mangwaro kam ya zo, har zubewa yake a ƙasa, a bar yara su sha amma a wanke. Tsamiya sabuwa ta shigo, ki cire bawo ki dunƙula ki ajiye na shekara, kunun tsamiya da rana, kunun gyaɗa da ƴar shinkafar Yagwa da yamma, tana da ƙamshi kuma tamu ce ta bakin Logon ba sai ta jirgin ruwa ba. Shekarun nan azumi yana faɗowa wajen Fabrairu da Maris, kenan zoɓo da tsamiya da geron kunu tun kaka ya kamata a tanada kafin kowa ya ruga kasuwa.

Dab da saukar ruwa itatuwa suke fara toho tun ƙasa na bushe, kuka ta fitar da sabon ganye mai laushi, aduwa ma haka, zogalen gida in kin sassabe shi kina zuba masa ruwan wanke wanke marar sabulu shi ma zai tofo. Ɗanyen ganyen kuka ki yanka ƙanana ki daka sama sama ki yi miya kaman ta lalo, daɗinta daban ne da na gari. Tafasa kuma in ruwan farko ya sauka zaki ga ta fito ƴan mitsi mitsi, kar ki yi gaggawa, ki bari a yi ruwa uku ko huɗu ta kai tsawon tafin hannu, sannan ki tsinki saman kawai ki bar gindin, bayan sati biyu zaki dawo ki tarar ta yi rassa.